Eadweard Muybridge: Baturen da ya fara kama doki a hoto yana tsakiyar sukuwa

Duk wanda ya taɓa ɗaga waya ranar Sallah a Wurno don ya ɗauki mahayin da ya sako doki a guje ya san abin da ke biyo baya. Ka danna, ka duba, sai ka ga katanga da 'yan kallo sun fito tas, dokin kuwa ya koma kamar an shafa toka a jikin gilashi. Ni ma na sha wannan takaici a filin ƙwallon samari a nan Kwargaba. Na yi ta ɗauka a wani wasan yamma, na koma gida da hotuna fiye da ɗari, aka rasa uku da zan iya aika wa edita. Da na shiga bin diddigin yadda masu sana'ar ke yi, sai hanya ta kai ni ga wani Bature da ya mutu tun 1904, wanda ya warware wannan matsala da kyamarorin katako, da zare, da roba, tun kafin duniya ta san fim.

Sunansa Eadweard Muybridge. An haife shi ranar 9 ga Afrilu, 1830, a Kingston, wani gari a bakin kogin Thames kusa da Landan. A lokacin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda kabarinsa ke Wurno, yana kan gadon mulki. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne mai sayar da hatsi da gawayin kwal, ya kuma rasu yaron yana da kimanin shekara 13.

Sunan da aka raɗa masa shi ne Edward Muggeridge. Shi da kansa ya yi ta sauya rubutun sunan har sau da dama a tsawon rayuwarsa. Na ƙarshen ya samo shi ne daga tsohuwar hanyar rubuta sunan sarakunan Ingila na dā, wanda aka zana a gindin wani dutse a garinsu da ake cewa a kansa ake naɗa su. Akwai lokacin da yake sa hannu a hotunansa da sunan Helios, wato rana a harshen Girka. Mutum ne da tun farko ba ya raina kansa.

Yana da kimanin shekara 20 ya tsallaka Amurka. Ya fara zama a New York, a 1855 kuma ya sauka San Francisco, birnin da zinariyar Kalifoniya ta cika da baƙi. Can ya buɗe shagon littattafai, kuma kasuwa ta karɓe shi. Har ya kai shekara 30 bai shiga sana'ar hoto ba.

Hatsarin da ya canja shi

A watan Yulin 1860 ya kama hanyar gabashin Amurka a cikin babban keken doki na fasinja, da niyyar wucewa Ingila. A jihar Texas dawakan suka ƙwace wa direba, keken ya bar hanya ya daki itace. Mutum ɗaya ya mutu. Muybridge ya faɗo ya buga kansa, bai farfaɗo ba sai a garin Fort Smith da ke jihar Arkansas. Ya tashi yana ganin abu ɗaya ya zama biyu, ba ya jin ƙamshi, ba ya jin ɗanɗano. Waɗanda suka san shi sun shaida daga baya cewa halinsa ya sauya gaba ɗaya: mai fara'a da iya ciniki ya koma mai saurin fushi, mai taurin kai, wanda idan ya sa abu a gaba ba ya ji ba ya gani. Likitocin ƙwaƙwalwa na zamaninmu da suka duba labarin suna ganin raunin ya taɓa gaban ƙwaƙwalwarsa ne, wurin da ke taka wa mutum burki.

Ya yi shekaru a Ingila yana jinya da 'yan ƙirƙire-ƙirƙire, har ya yi rajistar wata na'urar wankin tufafi. A 1867 ya koma San Francisco, kuma wannan karon da sana'ar hoto ya dawo.

Sai an san yadda hoto yake a wancan zamani za a gane wahalar abin da ya yi daga baya. Babu fim, balle katin ajiya. Mai hoto zai ɗauki faifan gilashi, ya shafe shi da sinadari mai danƙo, ya tsoma shi a ruwan azurfa cikin duhu, ya sa a kyamara yana jiƙe, ya ɗauka, sannan ya wanke kafin ya bushe. Duk wannan cikin minti goma zuwa goma sha biyar. Ga shi kuma sinadarin ba ya karɓar haske da sauri, don haka sai an bar idon kyamara a buɗe na sakanni. Shi ya sa a ɗakunan hoto ake tokare ƙeyar mutum da ƙarfe don kada ya motsa. Abin da ke gudu kuwa ba ya fitowa ko kaɗan.

Muybridge ya mayar da wani keken doki ya zama ɗakin wankin hoto, ya shiga duwatsun Yosemite yana ɗaukar kwazazzabai da ruwa mai gangarowa daga tsauni. Ya je Alaska a 1868 tare da tawagar sojan Amurka, ya ɗauki fitilun jagorancin jiragen ruwa na gaɓar teku, a 1873 kuma ya ɗauki yaƙin da gwamnati ta yi da ƙabilar Modoc. Kafin a jima ya zama ɗaya daga cikin fitattun masu hoto a yammacin Amurka.

Gardamar ƙafafun doki

A nan ne Leland Stanford ya shigo. Tsohon gwamnan Kalifoniya ne, shugaban kamfanin jirgin ƙasa na Central Pacific, attajiri mai son dawakin tsere kamar ransa. Akwai tsohuwar gardama tsakanin masu dawaki: shin akwai lokacin da doki mai gudu ke ɗage ƙafafunsa huɗu duka daga ƙasa? Ido ba ya iya raba wannan gardama, domin ƙafafun sun fi shi sauri. Stanford yana cikin masu cewa akwai, kuma yana son hujja. Ana yawan cewa ya ci caca ne ta dala 25,000 a kan maganar, amma masu tarihi ba su sami shaidar hakan ba. Abin da ya fi kama hankali shi ne yana son fahimtar tafiyar doki don ya inganta horon nasa.

A 1872 ya ɗauko Muybridge ya ɗauki wani dokinsa mai suna Occident a Sacramento. Gwajin farko bai ba da komai ba sai inuwa-inuwa. An ci gaba da gwadawa, aka sami ɗan haske a shekarar da ta biyo, sai wani abu ya faru da ya dakatar da komai.

A 1871 Muybridge, yana da shekara 41, ya auri Flora Stone, wadda ya girme ta da kusan shekara 20. Shi kullum yana daji da kyamara, ita tana birni. Ta saba da wani mai suna Harry Larkyns, mai rubuta sharhin wasan kwaikwayo a jarida. A Afrilun 1874 ta haifi ɗa namiji, aka sa masa Florado. Bayan watanni shida Muybridge ya ga hoton jaririn a gidan ungozomar da ta karɓi haihuwar, a bayansa an yi rubutu da ke kiran yaron da sunan Harry. A ranar, 17 ga Oktoba, 1874, ya hau jirgin ruwa, ya hau jirgin ƙasa zuwa Calistoga, ya ƙarasa da keken doki zuwa wata mahaƙar ma'adinai inda Larkyns ke aiki. Ya sa aka kira shi bakin ƙofa da dare, ya harbe shi a ƙirji.

An yi shari'ar a garin Napa a Fabrairun 1875. Lauyoyinsa sun kafa hujja da taɓin hankali sakamakon hatsarin Texas. Mutane goma sha biyun da aka zaɓa su yanke hukunci sun ƙi wannan hujja, amma duk da haka suka sallame shi, a kan cewa kisan yana da dalili. Ni dai ban ga adalci a nan ba. Mutum ya yi tafiyar sa'o'i da bindiga a aljihu, ya sami isasshen lokacin da zai huce, ya kashe wanda ba shi da makami, sannan ya fita kotu ana tafa masa. Wanda ya fi kowa shan wahala kuma shi ne yaron. Flora ta rasu a Yulin 1875, lokacin da Muybridge ke Amurka ta Tsakiya yana ɗaukar gonakin kofi a Guatemala. Aka kai Florado gidan marayu, ya tashi yana aikin gona da lambu, har mota ta kaɗe shi a Sacramento a 1944. Muybridge bai rene shi ba.

Palo Alto, Yunin 1878

Da ƙura ta lafa, aiki da Stanford ya dawo, wannan karon a gonar dawakinsa da ke Palo Alto, inda Jami'ar Stanford take a yau. A nan ne ya kamata duk mai sha'awar hoton wasanni ya tsaya ya duba da kyau, domin kowane abu da Muybridge ya shirya amsa ce ga wata matsala da har yanzu muke fama da ita.

Ya gina wata doguwar rumfa a gefen hanyar tsere, ya jera kyamarori 12 a ciki, tsakanin kowace da 'yar uwarta inci 21. A ɗaya gefen ya kafa farin bango mai ɗan kwanciya baya don ya karɓi rana, aka ja masa layuka a tsaye masu lamba. Ƙasan hanyar aka barbaɗa mata farar hoda. Manufar ita ce haske ya yi yawa, kuma doki mai duhun jiki ya fito sarai a kan fari. Gaban kowace kyamara ya sa alluna biyu da roba ke fizga, ɗaya sama ɗaya ƙasa, ta yadda ƙofar haske za ta buɗe ta rufe cikin kusan kashi ɗaya bisa dubu na sakan. Wani injiniyan kamfanin jirgin ƙasan, John Isaacs, ya taimaka wajen haɗa maganaɗisun lantarki da ke sakin allunan.

Saura wa zai danna? Babu hannun da zai iya. Sai ya bar wa dokin. Idan doki ne mai jan ƙaramin keke, an shimfiɗa wayoyi a ƙasa, ƙafar keken na taka su ɗaya bayan ɗaya. Idan mai sukuwa ne da mahayi, an ɗaura zare siriri a tsallake hanya daidai ƙirji, yana tsinka su yana wucewa. Kowane zare kyamara guda.

Ranar 15 ga Yuni, 1878, aka gayyaci 'yan jarida. Aka saki wani doki mai suna Abe Edgington yana sassarfa da keke, aka wanke faifan nan take aka nuna musu, don kada wani ya ce an yi zane. Hotunan da suka fi shahara kuwa su ne na wata goɗiya mai suna Sallie Gardner tana sukuwa da gudun da ya kai kusan kilomita 58 a awa. A cikinsu ga ta nan a iska, babu kofato ko ɗaya a ƙasa.

Stanford ya ci gardama, amma hoton ya zo da abin da ba wanda ya zata. Masu zanen Turai sun daɗe suna zana doki mai sukuwa da ƙafafun gaba a miƙe gaba, na baya a miƙe baya, kamar yana shawagi. Haka mai zanen Faransa Géricault ya yi a zanensa na tseren Epsom a 1821. Kyamara ta nuna cewa lokacin da doki ke barin ƙasa, ƙafafun a dunƙule suke ƙarƙashin ciki. Wasu masu zane suka ce hoton ya yi muni, wasu suka koma suka gyara aikinsu.

Lissafin da ke bayan nasarar mai sauƙi ne, kuma shi ne ya bayyana mini abin da ya lalata hotunana. Doki mai kilomita 58 a awa yana cin kusan mita 16 a sakan. Idan idon kyamara ya buɗe na kashi ɗaya bisa dubu, dokin ya matsa ƙasa da santimita biyu ke nan, hoto zai fito. Amma wayar hannu, idan rana ta yi sanyi wajen magariba, takan bar idon a buɗe har kashi ɗaya bisa talatin don ta tara haske. A wannan ɗan lokaci dokin ya wuce rabin mita, ɗan ƙwallo mai gudu kuma ya matsa kusan taƙi guda. Wasannin ƙauyukanmu kuma duk bayan la'asar ake yin su, daidai lokacin da haske ke janyewa. Da na gane haka sai na koma ɗaukar mafi yawan hotunana a zubin farko, rana tana bayana, kuma a wayar da ke ba da dama ina saita saurin da hannu.

Abu na biyu ya fi wannan muhimmanci a wurina. Muybridge bai bi doki da kyamara ba. Ya zaɓi wurin da doki zai bi, ya saita madubin kyamara a kan wannan wuri tun kafin a sako shi, ya jira. Mu kuwa mukan tsaya a tsakiyar gefen fili muna wurga waya hagu da dama, ita kuma tana ta neman abin da za ta kama, ƙarshe ta kama bishiyar dogon yaro da ke bayan fili. Wanda ya tsaya kusa da raga, ya danne yatsa a kan inda mai tsaron gida yake har saitin ya kulle, ya jira ƙwallo ta zo, ya fi samun abin nunawa. Haka a fagen kokawa bayan kaka: inda za a kayar ba shi da faɗi, kuma gara bayan 'yan kokawar ya zama sarari ko bango da ya zama cincirindon riguna masu launi. Ita kuwa dabarar nan ta riƙe maɓalli waya ta yi ta ɗauka a jere, jikanyar kyamarori 12 ɗin nan ce.

A 1879 ya ƙara kyamarorin zuwa 24, ya ɗauki karnuka da shanu da barewa. A watan Agustan shekarar ya gayyato 'yan ƙungiyar motsa jiki ta Olympic Club daga San Francisco, mutanen da ke wasa don sha'awa ba don albashi ba. Suka yi gudu, da tsalle, da dambe, da kokawa, da alkafura a gaban farin bangon. Waɗannan na cikin jerin hotuna na farko a duniya da suka nuna ɗan wasa yana cikin motsi, gaɓa bayan gaɓa.

A shekarar ce kuma ya ƙera wata na'ura da ya kira zoopraxiscope. Ana kwafe hotunan da fenti a gefen faifan gilashi mai zagaye, a juya shi gaban fitila, sai a ga doki na gudu a jikin allo. Wannan shekara 16 ke nan kafin 'yan uwan nan biyu na gidan Lumière su nuna fim ga masu biyan kuɗi a Paris a 1895.

Ɓatawa da mai gida

A 1881 ya tafi Turai. A Paris masanin kimiyya Étienne-Jules Marey da mai zane Meissonier suka tara masa manyan mutane. A Maris 1882 ya yi lacca a Landan, yarima mai jiran gadon Ingila na zaune a gaba. Yana cikin wannan ɗaukaka sai ga littafi ya fito da kuɗin Stanford, mai suna The Horse in Motion, da sunan wani likita abokin Stanford, J.D.B. Stillman, a matsayin marubuci. Babu sunan Muybridge a shafin farko, an ambace shi ne a ciki kamar wani ɗan kwangila da aka ba aiki. Babbar ƙungiyar masana kimiyya ta Ingila, Royal Society, wadda ta nemi ya kawo mata maƙala, ta janye, tana zargin yana ɗaukar aikin wani. Ya kai Stanford kotu, bai yi nasara ba. Wanda duk ya taɓa ganin hotonsa na yawo a Facebook da tambarin wani shafi a kai zai gane zafin da ya ji.

Jami'ar Pennsylvania da ke Philadelphia ce ta ɗauke shi daga 1884. Zuwa lokacin an sami busasshen faifan gilashi mai saurin karɓar haske, wanda ba sai an shafa sinadari a wurin ba. Ya bar zare ya koma amfani da wani agogon lantarki da ke sakin kyamarori a tazara daidai, yana kuma ɗauka daga gefe, da gaba, da baya a lokaci guda. Bangon ya zama baƙi mai fararen layuka kamar dara, don a iya auna motsi. Ya ɗauki ɗaliban jami'a 'yan wasa suna jifa da dukan ƙwallo, da 'yan dambe, da marasa lafiya daga asibiti, da namun gidan zu. Da yawa daga mutanen ba su da sutura, wai don a ga aikin tsoka, kuma wasu hotunan matan yana da wuya a ce kimiyya ce ta buƙace su. An ɗauki hotuna sama da 100,000. A 1887 aka buga zaɓaɓɓu a Animal Locomotion, shafuka 781 masu ɗauke da hotuna kusan 20,000.

Akwai wani abu da bai faɗa ba. Bincike na baya-bayan nan, musamman na Marta Braun, ya nuna cewa idan wata kyamara ta ƙi aiki, yakan cike gurbin da hoto daga wani ɗauka daban, ko ya sake jera su don su yi kyau a ido. Ga mai zane wannan ba laifi ba ne. Ga wanda ya ce awo yake yi, laifi ne.

A Fabrairun 1888 ya gana da Thomas Edison, suka tattauna haɗa hoto mai motsi da na'urar ɗaukar murya. Edison ya bi tasa hanyar, kuma nan da 'yan shekaru fim ya wuce faifan gilashin Muybridge. A baje kolin duniya na Chicago a 1893 ya gina zaure yana nuna hotunansa ga masu sayen tikiti, amma jama'a ba su cika shi ba.

A 1894 ya koma Kingston. Ya fitar da littattafai biyu masu sauƙin kuɗi, Animals in Motion a 1899 da The Human Figure in Motion a 1901, waɗanda har yau masu zane da masu haɗa katun ke amfani da su. Ya rasu ranar 8 ga Mayu, 1904, a gidan wata 'yar uwarsa, yana da shekara 74, bayan fama da cutar daji. Shekara guda ke nan da 'yan watanni bayan Turawa sun shiga Sakkwato.

Ya bar wasiyyar a ba garinsu na'urarsa da faya-fayan gilashinsa, kuma suna nan a gidan tarihin Kingston. An ƙone gawarsa a garin Woking, aka kafa dutse a wurin. Mai sassaƙa dutsen ya yi kuskuren harafi ɗaya, ya rubuta Maybridge.